Kafin ka ce kwamfiresa ta mutu

A bazarar da ta wuce, cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke hana mutum barci ko da ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, wata Hajiya daga Tudun Wada ta aiko ɗanta shagona na gyaran AC a Sabon Garin Zariya. Wani mai gyara ya riga ya duba AC ɗin ɗakinta, ya ce kwamfiresa ta mutu, sai dai a sayo wata. Har ta fara haɗa kuɗi, sai ƙanwarta ta ce a bari wani ya sake dubawa. Na je na hau tsani, na kwance murfin gefen injin waje, na tarar kafasita, wato abin da ke taimaka wa kwamfiresa tashi da tafiya, ta kumbura kamar gwangwanin madarar da ya lalace. Na ciro sabuwa daga jaka na sa. Kafin a kira La'asar ɗaki ya ɗauki sanyi.

Na ce mata, "Hajiya, kwamfiresarki lafiyarta ƙalau, ki adana kuɗinki."

Ba na zargin wancan mai gyaran da ha'inci. Ya ji gurnani, ya ji ƙas, ya ga ba sanyi, sai ya yanke hukunci da kunne. Wannan ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a sana'armu. Kwamfiresa ita ce mafi tsada a jikin AC, kuma ita ce aka fi ɗora wa laifin da ba nata ba. Ga yadda maigidana ya koya mini bincikenta, kuma haka nake koya wa yaran shagona. Mai gida zai iya bin maganar har wajen sauraro da duba ƙura. Daga inda aka fara kwance murfi, aikin mai gyara ne, domin wutar da ke wurin tana kisa.

Kwamfiresa ita ce baƙar tukunyar nan da ke cikin injin waje. Abu biyu ne a cikinta, an rufe su da walda: moto mai kwayil, wato naɗaɗɗiyar waya, da famfon da ke zuƙo gas daga ɗaki, ya matse shi, ya tura wa kwandensa, wato bututai masu haƙora a bayan injin waje da ke fitar da zafi. Tunda ba a buɗe ta, ba wanda zai leƙa ya ga ciwonta. Sai dai awo. Ko moton ne ya samu matsala, ko famfon, ko kuma, wanda shi ya fi yawa, wani abu ne daga waje ya hana ta aiki.

Kafin in taɓa sukurdireba ina tambayar mai gida. Tun yaushe ya daina sanyi? Lokaci ɗaya ya tsaya ko a hankali ya riƙa raguwa? A wutar gari yake yi ko har a janareta? Bureka tana faɗuwa? An ƙara masa gas kwanan nan? Amsar da na fi so in ji ita ce, "Da dare yana yi, da safe yana yi, amma da Azahar sai ya ɗauke." Wannan kusan kullum zafi ne ke korar kwamfiresa, ba mutuwa ta yi ba.

Daga nan sai in kunna da rimot, in sa shi a sanyi, in sauke lamba zuwa 16 ko 17, in fita in tsaya kusa da injin waje. A yi haƙuri a nan. Yawancin AC suna jinkirin kamar minti 3 kafin su tayar da kwamfiresa, don matsin gas ya daidaita. Na sha ganin yaro ya jira minti ɗaya ya dawo yana cewa, "Oga, ba ta tashi." Idan minti 3 sun wuce, ɗaya daga cikin abubuwa huɗu za ka samu: ko shiru tsit, ko gurnani na 'yan daƙiƙu sannan ƙas, ko bureka ta faɗi nan take, ko kuma ta tashi tana aiki amma ɗaki bai yi sanyi ba.

Idan shiru ne, sai a tambayi ko wuta ma tana isa wurinta. Ɗora mita a kan wayoyin da suka shigo injin waje. In babu wuta, ka bar kwamfiresa ta huta, laifin yana baya: rile, wato makunnin da ke kan fanel ɗin ciki, ko sensa mai auna zafi, ko kwantakta, babban makunni a manyan injuna, ko wayar da ɓera ya ci a cikin silin.

Idan gurnani ne da ƙas, nan aikin yake. Ƙas ɗin nan obalod ne, ɗan abin da ke yanke wuta idan moto ya ja fiye da kima ko ya yi zafi. Aikinsa ya yi, kare kwamfiresa yake yi. Abin nema shi ne me ya hana ta juyawa.

Fara da ƙarfin wuta. A jikin injin an rubuta bolt 220 zuwa 240, wutar ƙasarmu ke nan. Amma duk wanda ke zaune a Zariya ya san yadda ƙwan fitila ke yin ja bayan Magariba, idan kowa a unguwa ya kunna nasa a kan taransifoma ɗaya. Kuskuren da ake yi shi ne a auna a soket ɗin ɗaki alhali AC yana kashe, a ga 215, a ce wuta lafiya. Ka auna a injin waje, a daidai lokacin da kwamfiresa ke ƙoƙarin tashi. Na taɓa ganin mita ta faɗo daga 210 zuwa 165 a wannan daƙiƙar, a wani gida a Gyallesu, saboda an ja wa AC mai hos ɗaya da rabi wuta da siririyar wayar da ta dace da ƙwan fitila. Irin wannan AC yana son waya mai kaurin milimita 2.5, da layinsa shi kaɗai, ba a cusa shi a soket ɗin da firij da dutsen guga suke ba. Da zarar wuta ta yi ƙasa da 200 ina fara zarginta. Haka ƙaramin janareta: zai ɗauki fanka da talabijin, amma wajen tashi kwamfiresa tana jan ninki huɗu zuwa shida na abin da take ci a cikin tafiya, sai ya durƙusa.

In wuta ta isa, sai kafasita. Kashe bureka, cire fulogi, ka tabbatar da mita cewa babu wuta. Kafasita tana riƙe caji ko bayan an kashe, don haka a sauke shi tukuna. Ni da ƙwan fitila irin na da mai wayoyi biyu nake saukewa. Wadda ta kumbura ko take zubar da mai ba ta buƙatar awo. Amma wadda ta yi kyau a ido ma tana iya zama gajiyayya, shi ya sa ake son mita mai auna maikirofarad, ma'aunin ƙarfin kafasita. AC mai hos ɗaya galibi yana da 25 ko 30, mai ɗaya da rabi 35 ko 40, mai hos biyu 45 ko 50, amma abin da aka rubuta a jikin taka shi ne hujja. Yawanci an ba ta sassaucin kashi 5 cikin ɗari. Mai 35 da ta nuna 34 lafiya take. Wadda ta nuna 27 ta gama yi. Ka mayar da mai lamba ɗaya da wadda ka cire, mai jure bolt 450. Kada ka ce bari in sa mai 50 a gurbin 35 don ta ƙara ƙarfi. Za ta tashi, amma kwayil ɗin tashi zai riƙa gasuwa a hankali har ya ƙone.

Yanzu a buɗe ɗan baƙin murfin da ke kan kwamfiresar. Kafin mita, ido. Sau da yawa bakin waya ne ya saki, ya yi zafi, ya ƙone har robar ta narke. A yanke, a sa sabon baki mai kamawa tsam, aiki ya ƙare. Gargaɗi ɗaya da ba na sassautawa a kansa: ba a ba kwamfiresa wuta alhali wannan murfin yana buɗe. Ƙafa, wato ɗan ƙarfen da ake maƙala wa waya, in ta yi rauni tana iya fashewa ta feso mai da gas a fuskar mutum.

Ƙafafu uku ne a wurin: C ta haɗaka, R ta kwayil ɗin tafiya, S ta kwayil ɗin tashi. Ɗauki hoto da waya kafin ka zare wayoyin, don kada ka rikita su wajen mayarwa. Sa mita a om, wato awon juriyar waya, ka fara haɗa bakunanta biyu ka ga abin da wayoyinta kansu ke nunawa, don ka cire shi daga lissafi. Auna C da R, wannan galibi shi ne ƙarami. Auna C da S, ya ɗan fi shi. Auna R da S, dole ya zama jimillar biyun farko. Misali, in ka samu 2 da 3, na ukun ya zama 5 ko dab da haka. In lissafin ya fita, kwayil lafiya. In wani ya nuna sifili, kwayil ya haɗe.

Ga inda ake binne kwamfiresa da ranta. Ka auna C da R babu komai, C da S babu komai, amma R da S sun nuna lamba mai kyau. Mai gaggawa zai ce kwayil ya tsinke. Ka kai hannu kusa da jikinta. In tana da zafi, obalod ɗin ciki ne ya buɗe, domin a kan layin C yake zaune, kuma ba zai rufe ba sai ta huce. Wani lokaci awa ɗaya, wani lokaci fiye. Ina jiƙa tsumma in ɗora mata, ina kiyaye ƙafafun kada ruwa ya taɓa su, in je in yi sallah in dawo in sake aunawa. Da yawa sun dawo da rai a hannuna ta haka. Wasu ƙananan injuna kuma obalod ɗinsu a waje yake, ƙarƙashin murfin, ana iya auna shi shi kaɗai a canja. Sai ta huce sarai ta ƙi nuna komai sannan nake cewa ta tsinke.

Saura awon jiki, wanda shi ne amsar AC mai kayar da bureka. Kankare ɗan fenti a jikinta, ko ka yi amfani da bututun jan ƙarfen da ya fito daga cikinta. Ɗaya bakin mita a can, ɗayan a kan kowace ƙafa bi da bi, mita a kan om mafi girma. Bai kamata ka ga komai ba. In ta nuna alaƙa, wuta na zuba a jiki, wannan kam ta mutu, kuma kada a sake kunna ta ko don gwaji. Mai mega, wato mitar da ake auna zubar wuta da ita, ya fi samun tabbaci, don tana kama zubar da ƙaramar mita ba ta gani.

To, wuta ta isa, kafasita lafiya, kwayil lafiya, ba ta zuba a jiki, amma har yanzu gurnani da ƙas. Mayar da wayoyi da murfi, maƙala kilam mita, mai auna amp ɗin da ake ja, a wayar C, ka kunna. A takardar jikin injin akwai lambar abin da take ci a tafiya, a wasu kuma har da LRA, wato abin da take ja idan ta cije. Mai hos ɗaya da rabi tana tafiya a wajen amp 5 zuwa 6. In ka ga ta haura 20 ta tsaya a can har obalod ya yanke, famfon ne ya cije. Ina gwada ta da kafasitar taimakon tashi sau ɗaya ko biyu, da hutun minti biyar a tsakani. In ta saki, ina gaya wa mai gida gaskiya: "Alhaji, ta tashi, amma ba zan yi maka alkawarin shekara ba." In ta ƙi, ba na ta nanatawa.

Wadda ke tashi ta yi aiki sannan ta ɗauke da rana, amp ɗinta za ka ga yana hawa sannu a hankali. Leƙa bayan injin. Tun daga ƙarshen Nuwamba har Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga haƙoran kwandensa, ba wanda ya kula saboda ba a kunna AC. Watan Maris na kamawa a kunna shi a kan wannan dattin, iska ba ta ratsawa, matsi ya hau, zafi ya hau, obalod ya yanke. Ƙara da kejin ƙarfen da muke yi saboda ɓarayi, wanda wani maƙerin ke matse injin da bango har ba ya numfashi, ga kuma ranar yamma tana dukansa. A kashe wuta, a wanke da ruwa mai ɗan ƙarfi, ba da burushin ƙarfe ba, a duba fankar waje ko tana gudu yadda ya kamata, don ita ma tana da 'yar ƙaramar kafasitarta da ke gajiya. Wannan wankin, in an yi shi a ƙarshen Fabrairu, ya fi duk wani gyara araha. Kuma kada zafin jikin kwamfiresa kaɗai ya tsorata ka. Irin doguwar nan da ke cikin AC na bango, gas mai zafi ne ke cika tukunyarta, ko tana lafiya ba ta taɓuwa.

Sai wadda ke aiki ba tsayawa amma ɗaki bai yi sanyi ba. Nan geji, ma'aunin matsin gas, ke magana. Duba takarda ka san gas ɗin da ke ciki. Mai R22 yana tafiya a wajen psi 60 zuwa 70 a bututun dawowa, mai R410A ko R32 a wajen 110 zuwa 140, ya ɗan ɗara haka a tsakar rana mai zafi. In allura tana ƙasa sosai, amp ya yi ƙasa, siririn bututu ya yi farar ƙanƙara, gas ne ya zube ko hanya ta toshe. A nemo inda yake zuba da ruwan sabulu, a toshe, kafin a ƙara. Ƙara gas a kan rami zuba ruwa ne a kwando, kuma gas ɗin da ke zagayawa shi ke ɗauke wa moto zafi, in ya yi kaɗan kwamfiresa ce ke biya.

In kuwa allura tana sama fiye da kima, amp yana ƙasa, bututun da ke fita daga kwamfiresa bai yi zafi ba, to famfon ya daina matsawa. Ina tabbatarwa da rufe bawul ɗin siririn bututu da alanki tana cikin aiki. Lafiyayya za ta ja allura zuwa kusa da sifili cikin ɗan lokaci, sai in buɗe nan da nan. Gajiyayya za ta tsaya a hanya. Ba na yin wannan gwajin a injin da gas ɗinsa ya ƙare ta rami, domin iskar waje za ta zuƙa, kuma iska da mai mai zafi a cikin matsi suna fasa tukunya.

Akwai wani abu mai kwaikwayon gajiyayyen famfo. Wasu AC, musamman 'yan Beljiyam da aka yi don ƙasashen sanyi, suna ɗumama ɗaki ma. A cikinsu akwai bawul mai bututu huɗu da ke juya hanyar gas. Wani malamin jami'a a Samaru yana kunna nasa a ɗumi cikin sanyin Janairu saboda mahaifiyarsa tsohuwa. Da zafi ya shigo ya mayar da shi sanyi, sai ba sanyi ba ɗumi. Geji ya nuna duk alamun famfon da ya mutu. Da na taɓa bututun da ke dawowa daga bawul zuwa kwamfiresa, wanda ya kamata ya yi sanyi, sai na ji shi da zafi. Bawul ɗin ne ya tsaya a tsakiya, gas mai zafi yana zagayowa kai tsaye. Na auna kwayil ɗinsa, na juya shi daga ɗumi zuwa sanyi sau da yawa ina ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da ƙotar sukurdireba, har na ji fuuu, ya koma mazauninsa. Duk AC ɗin da ka ga hoton rana a rimot ɗinsa, ka leƙa ko yana da wannan bawul kafin ka yi wa kwamfiresa hukunci.

Ga AC masu inbata kuwa, wato masu rage gudun kwamfiresa da ƙara shi, kiɗa ya canja. Ba su da babbar kafasitar tafiya, fanel ɗin waje ne ke sarrafa kwamfiresa. Ƙafafunta U da V da W ne, kuma awo ukun dole su zo daidai da juna, ƙaramar lamba ce. Ba a haɗa ta da wutar gari kai tsaye don gwaji, za ta ƙone. Kafasitocin fanel suna riƙe sama da bolt 300 bayan an kashe wuta, a jira, a auna kafin a taɓa. Lambar da ke fitowa a fuskar injin ciki, ko yawan ƙiftawar fitila, kowane kamfani da ma'anarsa, a duba littafin injin. In awo ukun sun daidaita kuma ba ta zuba a jiki, ina komawa kan fanel. Na sha tarar da ƙadangare ya bushe a bayansa, ko tsawar damina ta ƙona shi.

In duk an bi an tabbatar ta mutu, saura tambaya ɗaya: me ya kashe ta? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, sabuwar ma zai ci. Ƙarancin wuta ne, a sa sitabilaiza ko abin kariya mai jinkiri. Datti ne, a wanke. Rami ne, a toshe. Da ka cire tsohuwar, zuba ɗan man cikinta a farar takarda ka shinshina. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, akwai asid a cikin bututai, sai an wanke su tas. A gwada matsi da naitirojin kawai. Iskar oksijin ta masu walda ba ta shiga bututun AC ko kusa, haɗuwarta da mai fashewa ce. R32 kuma yana kama wuta, a tabbatar ya fita gaba ɗaya kafin a kunna wutar walda.

Sabuwar ta zama ta gas ɗin da injin ke amfani da shi, kuma girma ɗaya. Ta R22 ba ta zama a gurbin ta R410A, matsinsu daban, mansu daban. Mai tsohon injin R22 ya yi lissafi tukuna, domin gas ne da ake janyewa daga duniya a hankali ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, wani lokaci sabon injin ya fi sauƙi a kan doguwar tafiya. In ta hannu za ka saya, ka je da mitarka ka auna ta a gaban mai sayarwa, kuma kada ka karɓi wadda aka bar bakin bututunta a buɗe tana shan ƙura da raɓa. A yi bakyum, wato zuƙe iska daga bututai, da injin bakyum na gaske, aƙalla rabin awa, ba a hura ɗan gas a ce an kori iska ba. A zuba gas da sikeli, gwargwadon giram ɗin da aka rubuta a jikin injin.

Idan na gama ba na tafiya nan take. Ina barin ta ta yi aiki kamar minti 30, in da hali a cikin zafin rana, kilam mita tana maƙale. Sannan in ɗauki maka in rubuta a cikin murfin gefe: kwanan wata, ƙarfin wuta, amp, abin da geji ya nuna, da lambar kafasita. Duk wanda ya buɗe murfin nan gaba, ni ne ko wani, zai samu abin da zai gwada awonsa da shi.